Bargon Hajiya da Ɗakin Ɗora Murya

A layinmu, in ka ga an fito da bargo da rana tsaka a watan Afrilu, ana zafin nan da kaza ke yawo baki buɗe, to ba zazzaɓi ne ya kama wani ba. Murya za a ɗora. Har 'yan makarantar allo sun san haka. Sai ka ga yaro ya ɗoro bargon Hajiya ta gidan kan kwana a ka, wani na biye da shi da 'yar katifa, sun nufi shagon ƙofar gidan su Injiniya. Haka duk layin ke kiran yaron gidan tun ranar da ya sayi kwamfuta ya mayar da shagon mahaifinsa wurin buga kiɗa.

Shagon ƙafa goma ne da goma sha biyu. Bangon siminti, ƙasa tayil, sama silin da rufin kwano. Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta ta tafi-da-gidanka, saunkad ƙarami mai ramin makirufo biyu, makirufo ɗaya irin wanda sai an ba shi wutar bolt 48 yake aiki, fiyanon Yamaha da ya saya hannu, da abin sawa a kunne guda biyu. Da waɗannan ya ɗauki waƙarsa ta farko, waƙar bikin 'yar maƙwabta, ya kawo mana teburin mai shayi bayan isha'i muka saurara. Kiɗan ya yi daɗi. Muryar kuwa kamar daga cikin randa take fitowa. Nan take muka yanke hukuncin da muka saba yankewa a kan komai, daga keken ɗinki har injin ban ruwa: kayan ne ba su da kyau, a sayi mai tsada. Har an fara lissafin wanda zai ranta masa kuɗi.

Baba mai gyaran rediyo ne kaɗai bai ce uffan ba. Washegari da hantsi ya rufe rumfarsa ya taka har shagon, ya tsaya a tsakiya, ya yi tafi sau ɗaya.

"Ka ji 'yar ƙarar nan da ta biyo bayan tafin, ɗan nan?"

"Na ji, Baba."

"To ita ce a cikin waƙarka. Ka sayo makirufon miliyan, zai ɗauko maka ita tas, fiye da yadda wannan ya ɗauko."

Da daddare ya warware mana zancen, kofin shayi a hannu. Sauti yana tafiyar mita 340 da ɗoriya a cikin daƙiƙa guda. A ɗakin da faɗinsa mita 3 ne, muryar mutum za ta je bango ta dawo fiye da sau 50 kafin daƙiƙa ta cika, tana dukan siminti tana dukan tayil, ba abin da zai shanye ta. Kunnen mutum ya iya tace wannan, shi ya sa in kana cikin ɗakin ba ka damuwa. Makirufo bai iya ba. Duk abin da ya iso gare shi kwasa yake, ya haɗa da muryar ya miƙa wa kwamfuta, kuma in sun riga sun cakuɗe raba su aiki ne ja, kamar tsince gishiri daga miya.

Sai aka zo kan kiret ɗin ƙwai, nan ne majalisa ta kaure. Ai mu a wurinmu sitidiyo bai cika sitidiyo ba sai an bi bangonsa da kiret, har mai shayin ya ce yana da guda arba'in a ajiye, kyauta. Baba ya gode masa, ya ce ya bar abinsa. Kwali ne sirit, ba ya tare ƙarar waje, abin da yake shanyewa na ciki kuma bai taka kara ya karya ba, sai dai ya tara ƙura da kyankyasai, ga shi abin kama wuta a ɗakin da wayoyi suka yi yawa. Soso ɗan siriri ma da ake mannawa, kaifin sauti kawai yake sha, ya bar maka gurnanin ƙasa yana yawo, ɗakin ya koma kamar an toshe masa hanci. Abin da ke shan sauti shi ne abu mai kauri da laushi: katifa, bargo a ninke, darduma, labule mai nauyi, durowa cike da kaya a buɗe. In an rataya bargon ya ɗan bar bango da tazarar hannu, ya fi aiki a kan a manna shi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne inda ya ce a sa shi. Dukanmu gaban mawaƙi muka nuna, bayan makirufo. Ya girgiza kai. Irin wannan makirufon gabansa yake ji, bayansa kusan kurma ne. Gabansa kuwa mawaƙi yake kallo, da bangon da ke bayan mawaƙin. Saboda haka bargo mafi kauri bayan mawaƙi zai tsaya, katifa a gefe, darduma a ƙasa. Kada a tsaya a tsakiyar ɗaki cif, kada kuma a shige kusurwa, don a can gurnani ke taruwa. Da aka je neman bargo mai kauri, duk layin babu kamar na Hajiya, wanda ta sayo a Makka. Ta bayar da sharaɗi biyu, kada a sha taba kusa da shi, kada kuma a rera batsa a gabansa. Shekara biyu ke nan ba a karya ko ɗaya ba.

Ni dai duk lokacin da aka yi wannan zancen sai na tuna soron kakanmu a cikin gari, ginin ƙasa mai kaurin bango, rufin azara, shimfiɗe da tabarmi. In ka shiga ka ja ƙyaure, hayaniyar titi sai ta koma nesa, maganarka ta fito a natse. Da irin wannan ɗakin Injiniya ya gada, da rabin wahalar nan bai sha ba. Mun rushe su mun yi na bulo da kwano, ga shi muna bin su da barguna.

Ƙarar waje kuwa ba bargon da ke maganinta, sai zaman lafiya da maƙwabta. Injin markaɗen layinmu yana tashi da safe, ya kuma tashi bayan la'asar. 'Yan adaidaita sahu ba sa wuce kwanar nan ba su danna ham ba. Ga awaki, ga masu tallan ruwa, ga ruwan sama in ya sauka a kan kwano, wanda ranar sai dai a haƙura. Don haka aka tsayar da lokaci: daga ƙarfe goma na dare zuwa sha biyu, ko tsakanin azahar da la'asar lokacin da rana ta kori kowa cikin gida. In an yi kiran salla a tsaya, wannan ba sai an faɗa ba. Mai aski, da janaretonsa ke jingine da bangon shagon, da kansa ya ƙara waya ya mayar da shi bayan gida. Fanka ma kashe ta ake yi in za a ɗauka, shi ya sa ba a dogon zango. Baiti biyu, a buɗe ƙofa, a kunna fanka, a sha ruwa, a koma.

Akwai wani zuuu da ya addabi yaron wata guda, yana kwance a ƙarƙashin kowace murya. Baba ya saurara ya ce wannan kukan wuta ne, wutarmu tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, ita ce ke leƙowa ta caja. A zare cajar kwamfuta a ɗauka da batir. Aka zare, zuuu ya ɗauke ɗif. Ya ƙara da cewa wayar makirufo ta zama mai haƙori uku, kada a shimfiɗa ta jere da wayar wuta, wayoyin hannu kuma a ajiye su nesa, don su ma suna da nasu kukan in kira zai shigo.

Malam tela ya shigo aikin ta wata ƙofar. Harshenmu yana da haruffa masu tura iska. Sa tafin hannunka a gaban bakinka ka ce fure, ka ce farin ciki, ka ce tafiya, za ka ji iskar tana dukansa. Haka take dukan fatar makirufo ta ba da bum. Ga ƙ da ts masu fita da ƙarfi kamar an ɓalle abu, ga s da sh masu tsini. Maganin iskar shi ne 'yar raga a tsakanin baki da makirufo. Malam tela ya ɗauko zoben da ake ɗame yadi a ciki in za a yi aikin hannu, ya ja safar mata mai shara-shara ninki biyu a kai, aka ɗaure da waya. Har yau ita ake amfani da ita, ko da yake an sayi ta kanti daga baya. Tazara kuma taƙi ɗaya, daga babban yatsa zuwa ƙarami, wajen santimita 15 zuwa 20. In ka manna baki muryar za ta yi kauri ta kumbura, in ka ja baya da yawa ɗakin zai dawo cikin waƙar. Makirufon a ɗan karkatar da shi, iskar ta wuce ta gefe. In mawaƙi zai ɗaga murya a ƙarshen baiti, ya ja kai baya kaɗan, in zai sassauta ya matso. Tsofaffin masu wa'azi da sanƙirori sun iya wannan ba wanda ya koya musu.

Wani halin namu kuma shi ne son ƙure komai. Rediyo a ƙure, lasifikar biki a ƙure, to maɓallin shigar murya ma sai mu murɗa shi har fitila ta yi ja, wai don muryar ta fito da ƙarfi. Da zarar ta yi ja muryar ta tsage, tsagewar nan kuma ba ta ɗinkuwa. Yanzu kafin a fara sai Injiniya ya ce wa mawaƙi ya rera wurin da ya fi ɗaga murya a duk waƙar, ya saita yadda ko a nan awon ba zai wuce desibel 10 ko 12 ƙasa da ƙarshe ba. Ƙara ƙarfi daga baya abu ne mai sauƙi.

Duk wannan gyaran ɗaki ne da na'ura. Shi mai muryar fa? A nan mai shayi ya karɓe zancen, don ya ce shi ne likitan mawaƙan layin. Citta, kanumfari, zuma, ruwan ɗumi. Ba mu musa masa ba, shayinsa yana sanyaya rai yana kuma gyara maƙogwaro. Sai dai ma'aikaciyar jinyar da ke haya a gidan Hajiya ta gyara mana fahimta, ta ce abin da aka haɗiya hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa jijiyoyin murya. Ruwan da zai amfane su shi ne wanda aka sha tun da rana, jiki ya jiƙu. In ana hunturu, iska ta bushe ƙura ta tashi, turaren ruwan zafi ya fi saurin kai musu ɗauki. Ta hana yawan kakari da gyaran murya da ƙarfi, ta ce in murya ta dishe a bar ta ta huta, in ta wuce mako biyu ko uku ba ta dawo ba a je asibiti. Da azumi kuwa ba a ɗaukar kowa da rana, sai bayan tarawihi.

Abin da na lura da shi da kaina, a zaman da nake yi a bakin ƙofar shagon, shi ne bambancin wanda ya haddace waƙarsa da wanda ke karantowa daga waya. Mai karantowa kansa a sunkuye yake, maƙogwaro a matse, numfashi na yanke masa a tsakiyar kalma. Wanda ya haddace yana tsaye ƙyam, ya san inda zai ja numfashi, hankalinsa na kan ma'anar abin da yake faɗa. Ana jin wannan a murya ko ba a ga mutum ba. Haka in kiɗan da ke kunnensa ya yi yawa sai ya yi ta ihu yana kauce wa kari, ga kiɗan na tsiyayowa cikin makirufo. A rage, ko ya zame kunne ɗaya don ya ji kansa. Kuma ba a dogara da ɗauka ɗaya. A yi uku ko huɗu, a tsinci layin da ya fi kyau a kowace, a jera.

Rigimar da ba ta ƙarewa a teburin mai shayi ita ce ta eko da Auto-Tune. Kawu direba, wanda har yau kaset ɗin Shata da Ɗanƙwairo ke motarsa, cewa yake yaran yanzu duk muryarsu ɗaya, kamar ana matsa hancin akuya. Yana yawan kawo Ɗan Maraya Jos, mutum ɗaya da kuntigi, amma ba kalmar da za ta wuce ka. Samarin kuma su ce, "Kawu, zamani ne, haka kasuwa ke so." Kowa da gaskiyarsa. Tun ƙarshen shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ya zama shi ne ganga shi ne sarewa a waƙoƙin finafinan Kano, kunnenmu ya saba da murya mai sheƙi da amsa-kuwwa. Auto-Tune kuwa kamfanin Antares na Amurka ne ya fitar da shi a 1997. Wanda ya ƙirƙiro shi, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin nazarin sautin ƙarƙashin ƙasa wa masu neman man fetur. Don gyaran ɗan kuskure a ɓoye aka yi shi. A 1998 aka ƙure saurinsa a waƙar Cher mai suna Believe, muryar ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki, duniya ta ji ta so. Mu wannan ƙurewar muka ɗauka muka riƙe.

Ni ba na cikin masu cewa a jefar da shi. Wanda ya zaɓi wannan amon da gangan, adonsa ne. Abin da ke ci mini rai shi ne a ɗora shi don rufe ragwanci, ko a ɗora ba a saita shi a kan mabuɗin da aka buga kiɗan ba, sai ya riƙa fizgar muryar yaro yana kai ta inda bai nufa ba. Sannan waƙar Hausa magana ce. Muna saurare ne mu ji an ambaci amarya da iyayenta, mu ji habaici, mu ji yabon Manzo, mu ji hikimar da aka ƙulla a baiti. Harshenmu kuma yana rarrabe ma'ana da tsawon wasali da hawa da saukar murya, yana rarrabe ɗ da d, ƙ da k. In eko ya yi yawa, wutsiyar kalma ta hau kan ta gaba, waɗannan ƙananan bambance-bambancen su ne farkon nutsewa. Sai a gama waƙa mutum ya ce ta yi daɗi, ka tambaye shi me aka ce ya yi shiru.

Yadda Injiniya ke yi yanzu ya kwanta mini. Yakan fara yanke gurnanin da ke ƙasa da Hz 80 ko 100, inda ba murya sai motsin ƙafa da rurin mota. Ya ɗan rage wurin da ke sa ta yi kamar cikin kwali, ya dakushe tsinin s. Ya sa abin da ke danne inda ta yi sama don inda ta yi ƙasa ya fito, amma da sauƙi, har ma yakan bi layi-layi da hannu yana daidaitawa kafin nan. Eko shi ne na ƙarshe: ya ɗaga har ya ji shi sosai, sannan ya yi ta ragewa har sai ya kusa ɓacewa. Amshi kuwa ya daina kwafar murya ɗaya ya liƙa sau uku, don wannan ƙarfi kawai yake ƙarawa. Sai a rera shi sau biyu ko uku da gaske, ko a kira 'yan mata biyu daga Islamiyya da izinin iyayensu in waƙar yabo ce, a ajiye wata dama wata hagu. Ɗan saɓanin da ke tsakanin muryoyin shi ke sa a ji kamar taro.

Wani ɗalibin jami'a a majalisar ya taɓa ba mu labarin Billie Eilish da yayanta Finneas, da suka ɗauki kundin waƙoƙinta na 2019 a ɗakin kwanansa a gidan iyayensu a Los Anjalas, kundin ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara a 2020. Samarin suka yi ta murna, ai ga shi nan, ɗaki ya isa. Baba ya ce ya isa mana, amma ku tambaya ku ji, ɗakin da gado da labule yake, ba janareto a jikin taga, kuma da suka gama wani gwani daban suka miƙa wa ya haɗa sautin. Tun daga ranar Injiniya ya fara kai aikin da ya fi muhimmanci wurin wani babba a Titin Gidan Zu ya saurara masa kafin ya saki.

Jarrabawar ƙarshe dai a layi ake yin ta. Waƙa ba ta fita sai an ji ta a wayar Malam tela mai tsagaggen gilashi, an ji ta a lasifikar adaidaitan ƙanin mai aski yana tafiya, an ji ta a 'yar rediyon mai shayi ana soya ƙwai ana musun ƙwallo. A irin waɗannan wuraren jama'a za su ji ta, kuma ƙaramar lasifika ba ta fitar da kaurin kiɗa, murya ce ke ɗaukar nauyin komai. In za a tura wa mai ita ta WhatsApp, a matsayin fayil ake turawa, kada a matse ta ta lalace. Daga nan sai a kai wa Hajiya. Takan sa a kunna sau ɗaya tak, tana tsintar shinkafa a faranti, in an gama ta maimaita abin da aka faɗa. Wurin da ta ce "me ya ce a nan?", can za a koma.

Ta makon jiya waƙar saukar Alƙur'ani ce ta yaran gidan liman. Hajiya ta kawo sunayen mahaddatan bakwai a jere ba ta tsallake ko ɗaya ba, sai na malaminsu ne ta ce kiɗa ya hau kansa. Injiniya ya koma ya sassauta fiyano a wurin, ya ɗaga kalmar kaɗan, ya dawo. Ta saurara, ta gyaɗa kai, ta ce a bar bargon a can tunda ranar Alhamis akwai mai waƙar kamu da za ta zo daga Kurna, amma a kakkaɓe shi a shanya kafin nan.